'Yan Ƙwadagon Hajiya Asibi

Bakina ne ya ja mini, kamar yadda ya saba. Sunana Murja, ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Kibiya, kullum in taso daga Rano da sassafe in koma bayan azahar. Ran nan ina gaban allo ina ta zuba bayani a kan teku, na zana kifi, na zana igiyar ruwa, alli duk ya ɓata mini hijabi, sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga can baya.

"Malama, wai tekun nan ya kai dam ɗin Tiga girma?"

Na tsaya ina jiran ajin ya fashe da dariya. Shiru. Ashe su arba'in da biyun nan duk amsar suke jira. Wallahi abin ya sosa mini rai. Shekara uku ina koya musu abin da ba su taɓa gani ba, su haddace, su rubuta mini a jarrabawa, alhali a cikin kansu daga Tiga ruwan duniya ya ƙare. Ban san lokacin da na buga tebur ba.

"Kafin a yi hutu sai kun ga teku da idonku. Ni Murja na faɗa. Yana nan a falona."

Ba ƙarya na yi ba, ƙari dai na yi. Maigidana direban tirela ne, yana kai albasa Legas. Sunansa Zulkifilu, na faɗa sau ɗaya, kada a sake sa ni. Shi ne ya ga akwatin gilashi na kiwon kifin teku a wani shago kusa da inda suke sauke kaya, ya ce yana gani ya tuno da ni. Ya yi ta kawo kayan guntu-guntu. Tafiyar farko akwatin, tsawonsa kamu biyu da ɗan wani abu. Ta biyu duwatsun teku masu ramuka, da farin yashi, da buhun gishiri wanda ba irin na miya ba ne, da ɗan injin da ke juya ruwa, wanda muka jona da solar gidan. Sai da ruwan ya yi wata guda yana juyawa shi kaɗai sannan ya kawo kifayen a leda. Guda uku ne. Biyu ruwan goro masu fararen ɗamara, ɗaya shuɗi kamar an tsamo shi daga marina.

Da na kai wa shugabar makarantarmu, Hajiya Salma, maganar, sai ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa. Mace ce da ba ta son hayaniya, ba ta kuma son a ɗaga mata tsari. Sai da na yi sawu uku a ofishinta kafin ta yarda ta ba da motar makaranta, rana ɗaya tak, Asabar ɗin ƙarshe kafin hutu. Aka rubuta wa iyaye takarda. Wasu sai da na bi su har gida, har Tarai na je na roƙi wani dattijo ya bar 'yarsa.

"Murja," in ji Hajiya Salma ranar da ta sa hannu, "in na kwashi 'ya'yan mutane na kai su kallon randar ruwa, ni da ke ne."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Saura mako biyar ke nan, ruwana kuwa garau, kana iya ƙirga ƙwayar yashi.

Bayan kwana shida gansakuka ta ɓullo. Da farko ɗan kore-kore ne a kan dutse ɗaya, har na ce ya yi kyau. Kafin mako ya zagayo ta yi gashi, ta rufe duwatsun, ta hau gilashi. In kankare da safe, in dawo daga makaranta in tarar ta koma. Tekun da na buga tebur a kansa ya zama kududdufin bayan gari a tsakiyar damina. Shuɗin kifin nan sai ka kafa ido kafin ka ga gilmawarsa.

Na kira maigidan ina ta faɗa kamar shi ya shuka ta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce zai tambayi mai shagon. Da ya dawo gida sai ga shi da wata leda a cikin bokiti, ya ajiye a tsakar gida yana murmushi. Na leƙa. Ƙaguwoyi ne guda huɗu, koraye, kowace ba ta wuce kan babban yatsa ba.

"Waɗannan?" na ce. "Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne za su fitar da ni kunya?"

"Mai shagon ya ce gansakuka ce abincinsu. Ke ki ji da gilashi, su za su ji da duwatsu."

Muna cikin haka surukata ta fito daga ɗakinta. Hajiya Asibi ke nan, mahaifiyar maigidan, tare muke zaune tun rasuwar mijinta. Mutuniyar Lausu ce, har gobe tana da gonarta a can, kuma ita ke juya abinta. Muna zaman lafiya ƙwarai, amma shekara bakwai ban taɓa ɗaga ido na dube ta sosai ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ta leƙa bokitin ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Kunamar ruwa kuka kawo mana gida?"

Ɗanta ya yi dariya. "Hajiya, 'yan ƙwadago ne. Daga Legas na ɗauko su. Ciyawar nan da ta cinye akwatin za su nome."

"Ikon Allah," in ji ta. Ta sake leƙawa, wannan karon ta daɗe. "To, sannunku da zuwa."

Washegari maigidan ya koma kan hanya. Kwana uku na farko ƙaguwoyin nan suka yi aiki kamar an biya su. Ka gan su maƙale da dutse, hannu biyu suna tsinka suna kai wa baki. Gefen dutse ɗaya har ya fara fari. Na shiga aji ina taku ɗai-ɗai, na ce wa yara su fara wanke hijabansu.

Rana ta huɗu suka ajiye aiki. Kowace ta samu rami ta shige, sai ɗan ido kake gani. Gansakukar kuwa ta dawo da ƙarfinta, har ta fi da. Saman ruwan ya fara wani maiƙo-maiƙo da ban gane kansa ba. Babu wanda ban zarga ba. Na zargi mai shagon, na zargi gishirin, na zargi maigidan da ya kwaso mini ragwaye. Akwai ranar da na durƙusa gaban akwatin na nuna babbar cikinsu da yatsa.

"Ke! Tun daga Legas aka ɗauko ki a gaban mota, don ki zo Rano ki yi barci? Dubi yadda kika yi ɓul-ɓul, malalaciya kawai!"

Ta juya mini baya ta ƙara shigewa ramin. Saura kwana goma sha takwas, ni kuma a makaranta na koma bin bayan azuzuwa don kada mu haɗu da Hajiya Salma.

Ranar wata Laraba aka tashe mu da wuri saboda taron malamai da aka ɗage. Na iso gida rana tsaka, na yi sallama a zaure ba a amsa ba. Ina isa ƙofar falo na ji murya ƙasa-ƙasa. Na ɗaga gefen labule.

Hajiya ce tsaye a kan kujera 'yar tsugune, ta buɗe murfin akwatin, ƙaramin kwano a hannunta. Dambun naman da ya rage na Babbar Sallah ne, ta haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli. Tana ɗiba da yatsu uku tana barbaɗawa. Ƙaguwoyin nan da na ɗauka sun kusa mutuwa sai ga su sun fito a guje, har suna ture juna.

"Ku ci, bayin Allah, sannunku da aiki," take cewa. "Kai Sarkin Noma, bar wa ƙananan mana. Yarinyar nan kirki gare ta, amma yaran yanzu ba su san haƙƙin ma'aikaci ba. A sa ku aiki tun safe babu ko kunu. Ku yi haƙuri, ba a gidan nan ba."

Na saki labulen a hankali, na koma da baya har kicin, na zauna a kan buhun masara. Dariya ta zo mini, na toshe baki da hijabi har hawaye suka fito. Da dariyar ta wuce sai hawayen suka ƙi tsayawa. Ga dalilin ragwancin, ga dalilin maiƙon. Cikinsu a cike, me za su yi da gansakuka? Abin da suka rage kuma ya ruɓe a ruwa ya zame mata taki. Na gano ciwon sarai, amma maganin yana bakin da ba zai iya buɗewa ba. Ta yaya zan dubi uwar mijina in ce mata ta daina?

Na kira ɗanta. Yana wajen Jebba lokacin. Ya yi dariya har sai da ya gangara gefen titi ya tsaya.

"Sarkin Noma!" yake ta maimaitawa. "Wayyo cikina!"

"Ka gama dariyar ka kira ta ka yi mata bayani."

"Ni? In kira Hajiya a waya in ce ta yi ɓarna? Rufa mini asiri. Ke ce malama, ki san dabarar da za ki yi."

Na kashe wayar ina huci. Namiji ke nan, ya tuƙa tirela daga nan har bakin teku, amma kalma ɗaya ga uwarsa ta gagare shi.

Na gwada dabara. Ranar Alhamis na ɗauke kwanon dambun na kai can saman kabad. Na dawo na tarar ta daka busasshen kifi. Ranar Juma'a na kulle falon na tafi da makulli. Da na dawo ta tare ni a tsakar gida, murya a sanyaye.

"'Yar nan, wani abu aka ɗauka a falon ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a'a, mantuwa ce, na miƙa mata makullin da hannu biyu. Ko minti goma ba a yi ba na ji ƙarar murfin akwatin.

Ranar Asabar da hantsi muna zaune a inuwar darbejiya muna ɓarar gyaɗar da aka kawo mata daga gona. Saura sati biyu cif. Na yi ta juya magana a ciki har gyaɗar gabana ta kusa ƙarewa. Can dai na yi bismilla a zuci, idona a kan faifai.

"Hajiya, ina son in yi tambaya a kan noma. Yara ne suka tambaye ni."

"Ina jin ki."

"In kin ɗauki masu noma a Lausu, yaushe ake kai musu fura?"

Ai kuwa na taɓo inda take so. Ta gyara zama. "Sai rana ta take. Sai na ga sun ci rabin gona da idona. Sannan a kai musu fura mai kyau, da nono, kada a yi musu ƙwauro."

"To in aka kai musu tun da sassafe fa, kafin su fara? Fura da tuwo, har da nama?"

"Wa zai yi wannan wautar?" Ta watsa ɓawo gefe. "Ai sai su ci su yi nak, su nemi gindin ɗorawa su miƙe ƙafa. Ciyawa kuwa ta ci gonar. Akwai shekarar da matar Dalhatu ƙanena ta yi haka, sabuwar amarya ce lokacin, wai ita tausayi. Ranar ko kadada…"

Ta tsaya. Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Ni dai ban ɗago ba, ina ta ɓare ƙwaya ɗaya da ta riga ta ɓaru. Na ji ta juya ta dubi ƙofar falo, ta daɗe, sannan ta juyo kaina.

"Murja."

"Na'am, Hajiya."

"Ba yara ne suka tambaye ki ba."

Sai kawai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, tana tafa hannu tana salati, ɗankwalinta har ya zame. "Ashe ni ce matar Dalhatu! La'ilaha illallahu! Ni Asibi, da furfurata!" Ni ma na kasa riƙewa, na kifa kai a gwiwa ina ta yi.

Da ta share ido sai fuskarta ta canza. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun Laraba."

"Laraba! Kika bar ni kwana uku ina ɓarna, yara arba'in suna can suna jira? Wace irin kunya ce wannan? Ni dodo ce? Tashi. Ajiye gyaɗar nan. Faɗa mini abin da za a yi."

Ranar muka kwashe kusan rabin ruwan, ina zuƙowa da tiyo tana riƙe da bokiti. Na haɗa sabon ruwan gishiri, na tsince duk guntun dambun da ya maƙale a yashi, na kankare gilashi. A nan ne ma ta ƙara fallasa kanta, wai kullum in na fita takan yaye labulen taga don su sha hantsi, kada sanyi ya kama su. Na ce gansakuka ba abin da take so kamar rana. Ta riƙe baki, ta je da kanta ta ja labulen.

Daga ranar Hajiya ta zama mai gona. Ta kawo kujerarta ta kafa a gaban akwatin, carbi a hannu. Kwana biyun farko ƙaguwoyin suka yi ta fitowa suna ɗaga hannu sama duk lokacin da inuwarta ta gitta, ita kuma tana kawar da kai.

"Murja, anya ba zalunci muke yi ba? Dubi yadda yake kallona."

"Hajiya, abinci ne kewaye da su."

"Haka ne." Ta nisa. Ranar Litinin ce, tana azumi. Ta matsa kusa da gilashin. "Ni ma ban ci komai ba, Sarkin Noma. Kowa ya yi ta kansa."

Rana ta uku yunwa ta yi aikinta. Ina dawowa daga makaranta tun daga zaure nake jin kiranta. "Zo ki gani! Sun kama! Wallahi sun kama!" Na shigo da gudu ko takalmi ban cire ba. Su huɗun duk suna kan dutse, hannu na zuwa baki ba tsayawa. Daga nan kullum da rahoton da zan tarar. Yau an gama dutsen gabas. Yau ƙaramar ta fi kowa. Yau Sarkin Noma ya yi zamba, ya kwanta tun azahar, ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Na ce ba a ƙwanƙwasawa, kifi na firgita. Ta ce to, ta daina, amma dai ya ji.

Ana jibi za su zo, duwatsun suka fito fes, da ramukansu da wani ja-ja da shunayya da ni kaina na manta suna da shi. Dutse ɗaya ne a can baya ya rage da gemunsa kore. Na kawo burushi zan goge, Hajiya ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar shi, yaran su ga aikin ana yi, in ba haka ba za su ɗauka haka Allah ya saukar da shi.

Ranar Asabar da misalin ƙarfe goma motar ta tsaya a ƙofar gida. Hijabai arba'in da biyu farare tas, Hajiya Salma a gaba da jakarta a hammata. Na ce su shiga goma-goma, amma wa zai tsaya? Suka cika falon, na baya suna ɗage, wasu ta taga.

Sai aka yi tsit. Yaran da ba sa iya rufe baki minti ɗaya a aji. Ba ka jin komai sai ƙarar ɗan injin. Shuɗin kifin ya fito daga bayan dutse ya yi juyi ɗaya a gabansu, wata ta ce "Subhanallahi" a hankali, kamar tana tsoron kada ya ji. Na saci kallon Hajiya Salma. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan launin nasa ne," ta ce, "ko shafa masa aka yi?"

Na buɗe baki zan fara bayanin da na kwana uku ina shiryawa, sai na ji an riga ni. Hajiya Asibi ce, da sabon mayafi, da tsinken tsintsiya a hannu tana nuni. Ta nuna musu ƙaguwoyin ɗaya bayan ɗaya a kan dutsen baya. Ta ce su dubi hannun, bakinsa kamar cokali, da shi suke kankara. Ta ce in abinci ya yi yawa a ruwa ciyawa ce ke ƙaruwa, in rana ta yi yawa haka, kuma duk wadda ta jefa wani abu a ciki za ta gamu da ita. Yara suna ta rubutawa. Na jingina da bango na bar ta, don ban ga abin da zan gyara ba.

Can wata ta ce, "Malama, da gaske ruwan gishiri ne? A lasa?"

Na ɗebo kofi guda daga sabon ruwan da na haɗa na ajiye don canji, na ce kowa ta tsoma yatsa. Falon ya kaure. Ihu, tofe-tofe, dariya, wata tana neman ruwan randa, wata tana cewa a ƙara mata. Hajiya Salma ma ta faki ido ta tsoma, ta yamutsa fuska, ta ce lallai.

Direba ya fara danna oda. Suna fita ɗaya-ɗaya suna yi wa Hajiya Asibi godiya, sai na lura da Huseina ta tsaya a wajen kofin. Ita ce 'yar dattijon nan na Tarai, yarinyar da sai ta yi sati ban ji muryarta a aji ba. Ta kama gefen hijabinta ta tsoma a ruwan, ta matse kaɗan, ta ƙulle shi.

"Huseina, me kike yi haka? Za ki ɓata hijabin."

Ta sunkuyar da kai. "Innata zan kai wa ta lasa, Malama. In ya bushe gishirin zai zauna. In da baki na faɗa mata ba za ta yarda ba."

Na tsaya riƙe da kofin kamar wata sakarya. Waɗanda ke bakin ƙofa suka ji, suka juyo. Kafin ka ce me, waɗanda suka shiga mota ma sun sauko, sun yi layi tun daga falo har zaure, kowace da gefen hijabinta a hannu. Kofin ya ƙare na sake cikawa, ya ƙare na sake. Direba ya gaji ya kashe mota.

Ni da Hajiya muka raka su har bakin titi. Ina kuka a fili, ban ma damu da a gabanta nake ba. Motar ta ɗau hanyar Kibiya, suna ɗaga mana hannu ɗaya ta taga, ɗaya hannun kowace na riƙe da ƙullinta.